Yadda ake gano kafasitar da ta gaji a amfilifayar masallaci

Amfilifayar masallaci ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba, sauti ne yake fara nunawa. Wata ta dinga gurnani ko ba wanda ya taɓa makirfo, wata muryar ladan ta koma siririya, wata kuma ana cikin sallah sai ka ji tashar rediyo tana leƙowa ƙasa-ƙasa. A ƙauyukanmu na wajen Ringim da Taura da Garki, abin da aka saba shi ne a yi karo-karo bayan Magariba, a tura mutum Kano ya sayo sabuwa a Sabon Gari. Alhali sau da yawa kafasita ɗaya ce ta gaji, wadda kuɗinta bai kai kuɗin motar zuwa Kanon ba.

Wannan bayani na mai koyon gyara ne, wanda ya iya riƙe ƙarfen dalma kuma ya san karatun mita. Abin da nake so ka kama shi ne kowace kafasita a bod tana da aikin da aka sa ta, kuma idan ta bar aikin, akwai irin ƙarar da za ka ji. Wanda ya san wannan ba ya tsinke kafasitoci goma yana laluben wadda ta lalace.

Halin kafasita da wuta

Kafasita faranti biyu ne na ƙarfe da aka raba su da abin da wuta ba ta ratsawa. Masu siffar ƙaramin gwangwani, waɗanda suka fi lalacewa, fallen alminiyam ne siriri aka naɗe tare da takarda mai jiƙe da wani ruwa. Zafi yana busar da ruwan nan a hankali, kuma daga nan yawancin matsala take tasowa. Ana auna girmanta da farad, sunan da aka ɗauko daga Michael Faraday na Ingila, amma farad ɗaya babba ne ƙwarai, don haka abin da za ka gani a jikinta µF ne, wato kashi ɗaya cikin miliyan na farad.

Wutar DC, irin ta batir, tana cika kafasita ne kawai ta tsaya, ba ta wucewa. Wutar da ke kai da komowa kuwa, wato AC, tana wucewa, kuma gwargwadon saurin kai da komowarta gwargwadon sauƙin wucewarta. Sauti a cikin amfilifaya shi ma wuta ce mai kai da komowa. Murya mai kauri tana kaɗawa a hankali, mai kaifi tana kaɗawa da sauri, ana ƙirga kaɗawar a kowace daƙiƙa da Hz.

Ga lissafin da ya kamata ka haddace. Ka raba 160,000 da abin da ka samu idan ka ninka Hz da µF, sai ya ba ka yawan om ɗin da kafasitar take tare wuta da shi. Kafasita mai 1 µF tana tare wutar NEPA mai 50 Hz da om kusan 3,200. Ita ɗin dai a 1,000 Hz om 160 ce kacal, a 10,000 Hz kuma om 16. Daga nan duk sauran bayani ya fito. Idan aka sa kafasita a kan hanyar sauti, tana tare DC da sauti mai kauri sosai, ta bar sauran su wuce. Idan kuma aka sa ta tsakanin layi da giraun, wato layin ƙasa na bod, sai ta kwashe duk abin da ke kaɗawa da sauri ta zubar ƙasa, ta bar DC lafiya lau.

Kayan da za ka tanada: mita, ƙarfen dalma da dalmarsa, sukudireba, wayoyi biyu masu maƙali a baki, rizista mai om 1,000 wat 5, da ƙwan fitila irin na da mai zare. Ka kuma nemi sifika ta akwati ta gwaji. Kada ka yi gwaji da lasifikar saman masallaci, in ba haka ba duk gari zai ji kana "gwaji, gwaji" da tsakar rana, kuma dattawa ba za su ji daɗi ba.

Mataki na farko: saurara kafin ka kwance ko sukuru ɗaya

Ka fara da wanda ke kunna ta kullum. "Malam, yaushe ta fara? Da NEPA take yi, ko da janareta, ko har da batir?" Ladan ya fi kowa sanin halinta. Idan ya ce maka, "Ai yaro, da asuba lafiya take, sai an daɗe ana tafsiri take farawa," ya riga ya gaya maka cewa abin yana da alaƙa da zafi.

Sai ka haɗa sifikar gwaji, domin ba a kunna amfilifaya ba sifika a jikinta. Ka cire duk makirfo, ka mayar da boliyom sifiri, ka kunna. In gurnani mai kauri yana nan daram, bai damu da boliyom ba, to daga ɓangaren wuta yake, kuma manyan kafasitoci ne abin zargi na farko. In babu gurnani sai ka ɗaga boliyom, to yana shigowa ne kafin boliyom, daga ɓangaren makirfo. In kuma sai an soka makirfo yake zuwa, to bar bod ya huta, wayar makirfo ce ragar ƙarfen da ke lulluɓe da ita ta tsinke.

Yawancin amfilifayoyin masallaci suna da wurin sa batir mai bolt 12 ko 24 a baya. Wannan gwaji ne na kyauta. Ka zare filogi ka sa mata batir zalla, wanda ba a haɗe yake da caja ko inbata ba. Wutar batir a miƙe take, ba ta da tsalle. In gurnani ya ɗauke, ka tabbatar laifin yana tsakanin taransifoma da dayod da manyan kafasitoci. Wani abu kuma da ke ruɗa mutane tunda sola ta yawaita: ƙananan inbata masu araha wutarsu ba a goge take ba, suna sa wata ƙara mai kaifi, "zzzz", dabam da gurnani. Wannan ko ka sake duk kafasitocin bod ba za ta tafi gaba ɗaya ba. Maganinta a ba amfilifayar batir kai tsaye.

Mataki na biyu: sauke cajin

Kafasita tana riƙe wuta bayan an zare filogi. A amfilifaya mai babban taransifoma za ka iya samun bolt 30 zuwa 70 a kansu. A sababbin marasa nauyi, waɗanda ba su da babban taransifoma, akwai kafasita ɗaya mai rubutun 400V ko 450V wadda take cika da kusan bolt 325, domin ƙololuwar wutar 230 ke nan. Wannan tana iya kashe mutum, ba wasa ba.

Ka sa mita a DC ka auna ƙafafunta. In akwai wuta, ka maƙala rizistar nan mai om 1,000 a tsakanin ƙafafun, ka jira rabin minti, ka sake aunawa. Ga mai bolt 400 ka yi amfani da ƙwan fitila mai zare, zai ɗan haska ya mutu. Ƙwan zamani na LED ba ya wannan aikin. Masu gajen haƙuri suna gitta sukudireba su ji "tas", su yi dariya. Tartsatsin nan yana cin ƙafar kafasitar, wani lokaci ya ɗauke layin tagulla na bod, ka ƙara wa kanka aiki.

Mataki na uku: ido

Ka fara share ƙura da buroshi busasshe. Amfilifayar da ta shekara a taga za ka tarar da ƙurar hunturu ta yi dandali a kan bod, ga kashin tsaka, wani lokaci har zanzaro ya yi gini a gefen taransifoma. Duk wannan yana hana zafi fita.

Sai ka bi kafasitocin ɗaya bayan ɗaya. A saman yawancinsu akwai zanen tsaga mai kama da gicciye ko harafin K, wanda aka yi don ta fashe ta nan idan iska ta taru a ciki. Saman lafiyayya a shafe yake. In ka shafa da yatsa ka ji tudu, ta tafi. Ka duba gindinta ko akwai busasshen abu ruwan ƙasa, amma ka lura, masu ƙera kaya suna zuba gam a gindin manyan don kada su girgiza, kuma shi ma gam ɗin yana komawa ruwan ƙasa in ya tsufa. Wadda rigarta ta ledar ta tsuke ta ja baya, ta sha zafi. Ka fi mai da hankali ga waɗanda ke maƙwabtaka da ƙarfen da aka ɗaure manyan taransista a kai.

Ka juya bod ka duba dalmar ƙafafun manyan. Amfilifayar da ake ɗaurawa a bayan babur ana kai ta wa'azi da walima ƙauye-ƙauye, nauyin kafasitar yana tsaga dalmar, ka ga wani siririn zobe kewaye da ƙafar. A nan kafasitar lafiyarta ƙalau, sabuwar dalma kawai take so.

Sai dai kafasita tana iya bushewa ƙarƙaf samanta a shafe, musamman ƙanana. Don haka ido kaɗai bai isa ya wanke ta ba.

Mataki na huɗu: in gurnani ne

Wutar da ta fito daga taransifoma ta bi ta dayod huɗu ba ta zama miƙaƙƙiyar DC ba tukuna. Tsalle take yi sau 100 a daƙiƙa, ninki biyu na 50. Babbar kafasita a nan kamar randar tsakar gida take: mai ruwa yana zuwa ya juye jarka ya tafi, amma mutanen gida suna ɗiba a kowane lokaci ba tare da sun ji yankewa ba, muddin randar babba ce. In ta ƙanƙance, kowa zai san lokacin da mai ruwa ya zo da lokacin da ya tafi. Wannan hawa da sauka sau 100 shi kake ji a matsayin gurnani.

Da lamba abin ya fi fitowa. Amfilifayar da ke jan amfiya 1, da kafasita mai 4,700 µF, hawa da saukar bai wuce bolt 2 da 'yan kai ba. In ta bushe ta koma 1,000 µF, ya zama bolt 10. In aka ɗaga murya aka ja amfiya 3, sai abin ya ninka sau uku, shi ya sa za ka ji muryar liman tana rawa tana karyewa daidai lokacin da ya ɗaga ta.

Gwajin da na fi yarda da shi, ba sai ka cire komai ba. Ka kashe, ka sauke caji, ka ɗauko lafiyayyar kafasita mai girma kusan ɗaya wadda bolt ɗinta bai gaza na tsohuwar ba, ka maƙala ta a kan tsohuwar da wayoyin nan, fozitif ga fozitif, nagetif ga nagetif. Ka janye hannu ka kunna. In gurnani ya ɗauke ko ya ragu ƙwarai, ka kama ɓarawo. Kada ka taɓa maƙala ta wuta na kunne.

In ka cire ta, mitar da ke da wurin auna µF za ta gaya maka abin da ya rage mata. Ragin kashi 20 cikin ɗari ba abin damuwa ba ne, haka ake ƙera su. Amma akwai wadda za ta nuna µF daidai alhali cikinta ya yi tauri, wuta ba ta shiga da fita da sauri. Wannan sai mitar ESR, mai auna wannan taurin, ke kama ta, ko kuma gwajin maƙalawa da na faɗa. In kana da tsohuwar mita mai allura, ka sa ta a om ka taɓa ƙafafun: allurar ta harba sannan ta dawo a hankali. In ta harba ta maƙale a can, kafasitar ta haɗe ciki. In ba ta motsa ba sam, ta yanke.

Kafin ka rufe wannan babi, ka auna dayod huɗun. In ɗaya ya yanke, tsallen yana komawa sau 50, gurnanin ya ƙara kauri, kuma sabuwar kafasita za ta rage shi ne kawai.

Mataki na biyar: in murya ce ta sirance, ko boliyom na ƙara

Tsakanin kowane sashe na amfilifaya da na gaba akwai ƙaramar kafasita, yawanci 1 zuwa 10 µF, a kan hanyar sauti. Aikinta ta miƙa murya gaba ta tare DC. Lissafin nan na ɗazu yana aiki a nan ma, da ɗan sauyi: 160,000 a raba da om sau µF, sai ya ba ka Hz ɗin da ƙasa da shi sauti ke fara raguwa. Kafasita mai 1 µF da ke gaban rizista mai om 10,000 tana fara yankewa a 16 Hz, ƙasa da abin da kunne ke ji, don haka komai yana wucewa. In ta bushe ta koma 0.02 µF, yankewar ta hau 800 Hz. Kaurin muryar namiji yana wajen 100 zuwa 150 Hz ne, ka ga duk ya tafi, sai kaifin ya rage, ƙarfin ma ya ragu. Lasifikar saman masallaci da ma ba ta fitar da kauri sosai, shi ya sa sai da sifikar akwati za ka iya yanke wannan hukunci.

Ka bi hanyar daga soket ɗin makirfo zuwa boliyom, daga boliyom zuwa manyan taransista, kana yin gwajin maƙalawa da lafiyayyar 4.7 µF a kan kowace. Inda murya ta dawo da nauyinta, nan ne.

Akwai kuma wadda ba bushewa ta yi ba, yoyo take, tana barin DC kaɗan ta wuce. Alamarta ƙarar "ƙarr-ƙarr" duk lokacin da aka murɗa boliyom. Kowa zai ce ƙura ce, kuma sau da yawa ƙurar ce. Amma in ka wanke boliyom, ko ka sa sabo, ƙarar ta dawo bayan 'yan kwanaki, ka sa mita a DC ka auna ƙafafunsa da giraun. Ya kamata ka ga sifiri ko kusa da shi. In ka ga wuta, kafasitar da ke haɗe da shi ce.

Ƙarar "fut-fut-fut" mai maimaituwa, wadda ke tsananta in an ɗaga boliyom, ita kuma ta 'yan matsakaitan nan ce masu 47 zuwa 220 µF da ke kan layin wutar ɓangaren makirfo. Ka sake su kawai, ba su da tsada.

Mataki na shida: in rediyo ke shigowa

Doguwar wayar makirfo eriya ce. Ka fara gyara ragarta da filoginta. In abin bai bari ba, ka sa 'yar ƙaramar kafasita mai kama da ƙwayar magani, mai lamba 102, tsakanin ƙafar sauti da giraun a jikin soket ɗin makirfo, ka gajarta ƙafafunta iya yadda za ka iya.

Lambobin nan haka ake karanta su: biyun farko lamba ce, ta uku yawan sifirin da za ka ƙara, a ma'aunin pF, kashi ɗaya cikin miliyan na µF. Wato 102 shi ne 1,000 pF, daidai da 0.001 µF, 104 kuma 100,000 pF, daidai da 0.1 µF. Mai 102 tana tare murya mai 1,000 Hz da om 160,000, don haka murya ba ta bi ta cikinta ta zube. Siginar tashar AM mai kaɗawa wajen sau miliyan a daƙiƙa kuwa om 160 kawai take gani, sai ta gangara giraun.

Na sha ganin an sa 104 a wannan wuri saboda ita ta fi yawa a akwatin mai gyara. Rediyon zai tafi, amma da makirfo mai om 600 yankewar tana sauka wajen 2,700 Hz. Sin da shin da sad a can sama suke, sai karatu ya dushe, masu sauraro daga nesa su kasa bambance haruffa. A masallaci wannan ya fi shigowar rediyon muni.

Mataki na bakwai: saye da ɗaurawa

Ka tafi da tsohuwar a aljihu. A ɓangaren sauti ka sayi µF daidai da nata. A ɓangaren wuta ƙari kaɗan ba laifi, misali 6,800 a madadin 4,700, amma kada ka ninka ta sau uku, domin lokacin kunnawa za ta ja wuta da ƙarfi ta wahalar da dayod da fiyus. Bolt ɗin da ke jikinta iyakar abin da za ta jure ne: mai 63V tana zama a gurbin mai 50V, mai 35V ba ta zama.

Sai lambar zafi, wadda mutane ba sa kallo. Akwai mai 85°C akwai mai 105°C. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanan kafasita. A nan Jigawa, a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano, ana tafsiri awa biyu. Ka sayi mai 105 ko da ta fi tsada. Ka kuma ɗaga ta a tafin hannu ka kwatanta da tsohuwar, babbar kafasitar da ba ta da nauyi abar tuhuma ce, jabu sun yi yawa. In kana da mitar µF ka auna ta a gaban mai shago.

Wajen ɗaurawa, layin da aka ja a gefen rigarta shi ne nagetif, doguwar ƙafa kuma fozitif. Ka yi wa bod alama da biro kafin ka cire tsohuwar. Wadda aka juya tana zafi ta kumbura ta fashe, wani lokaci cikin daƙiƙoƙi. A kunnawar farko ka sa ƙwan fitilar nan a jere da wayar wutar amfilifaya. In ya haska ya dushe, lafiya. In ya ci gaba da haske sosai, ka kashe ka sake dubawa.

Kariya ga lasifikar sama

Tunda ka riga ka buɗe aiki, akwai kafasita ɗaya da ta cancanci a ƙara. Lasifikar ƙaho ba a yi ta don sauti mai kauri ba, kuma shi ne ke ƙona mata koyil, musamman bugun da ake yi wa makirfo da yatsa kafin kiran sallah, da "dum" ɗin kunnawa. Kafasita a jere da wayarta tana tare wannan. Ga ƙaho mai om 16, kafasita mai 33 µF tana yankewa wajen 300 Hz. Ga mai om 8 sai 68 µF. In ka haɗa ƙaho biyu masu om 16 gefe da gefe sun zama om 8, sai ka yi lissafi da 8.

Dole ta zama marar fozitif da nagetif, za ka ga an rubuta NP ko BP a jikinta, mai bolt 100. In ba ka samu ba, ka ɗauki biyu na yau da kullum masu ninkin girman da kake so, ka haɗa nagetif ɗinsu wuri ɗaya, ka yi amfani da ƙafafun fozitif biyun: biyu masu 68 µF za su ba ka kusan 33. Wannan lissafi na lasifikar da aka ɗaura a wurin da aka rubuta 4, 8 ko 16 ne a bayan amfilifaya. In a wurin 70V ko 100V aka ɗaura ta, kowane ƙaho da ɗan taransifomansa, om ɗin layin dabam ne, kada ka sa waɗannan lambobin. Ka ajiye kafasitar a ƙasa kusa da amfilifaya, cikin inuwa, ba can saman hasumiya ba inda rana da ruwan damina za su same ta.